Mala'iku Goma Sha Ɗaya

Mabuɗin ya fi tafin hannuna tsawo,
sai na kama shi da hannu biyu yake yarda ya juya.
Ƙyauren ya yi gunaguni irin na tsohon da aka tasa daga barci,
sannan sanyi ya fito ya gaishe ni,
sanyin da ya shekara ɗari shida a cikin dutse.

Dokin ƙofa ya lotsa a tsakiya kamar akushi.
Ba guduma ce ta yi masa haka ba, ƙafafu ne:
na masu ɗaurin aure, na masu ɗaukar gawa,
na yaran Welcroft da aka jawo da kunne.
Nawa ma suna ciki.

Daga hagu ga kwamin baftisma mai kusurwa takwas,
zakuna huɗu na dutse sun goya shi.
Ɗaya ba shi da hanci.
Kakata ta ce sojoji ne suka fasa shi zamanin rigimar gumaka,
Osbert kafinta ya ce ƙarya ne, tsani ne ya faɗo masa.
Ni ban raba gardamar ba.
Ina dai goge shi duk Asabar
da tsumman tsohuwar rigar mijina.

In ka ɗaga kai har wuyanka ya yi tsami
za ka ga rufin kamar jirgin ruwan da aka kife,
haƙarƙarinsa baƙi wuluk,
mala'ikun katako sun buɗe fukafukai a bakin kowace azara.
Da sha biyu ne.
Ɗaya ya faɗo a wani dare mai iska, shekarar da na haifi Thirza.
Yana kwance cikin akwati a bayan labule, fuskarsa duk hujin ƙwaro,
har yau muna tara kuɗin mayar da shi
a kwalbar zuma da ke bakin ƙofa.
Thirza ta yi furfura. Kwalbar ba ta cika ba.

Kujerun nan masu ƙyaure kowace da lambarta:
masu gonaki a gaba kusa da mumbari,
'yan ƙodago a baya, inda iska ke shigowa ta ƙasan ƙofa.
Yanzu mu tara ne ran Lahadi, wa zai hana ka gaba?
Amma ƙafa ba ta mantuwa.
Ni har gobe a baya nake zama.

A shingen da ke tare bagadi an zana waliyyai,
wani ya bi su da wuƙa ya kankare idanunsu,
rigunansu ne, ja da kore, suka ƙi kodewa.
Haka suke tsaye, makafi cikin kayan ado,
suna sauraren tarinmu.

Da hantsi rana takan ratso tagar gabas,
ta zubar da shuɗi da jan garura a daɓe,
daidai kan attajirin ulu da matarsa
da aka zana a farantin tagulla,
'ya'ya goma sha huɗu jere a ƙafafunsu kamar haƙoran mataji.
Shi ya biya kuɗin rufin nan.
Sunansa ya goge, takalma sun cinye shi.

Jiya wasiƙa ta zo daga ofishin bishop.
Za su turo mutum ya auna tsagar bangon arewa,
ya ƙirga mu.
Na ninke ta, na cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.
Ta yi daidai.

Na share kashin jemage, na lulluɓe bagadi,
na zubar da ruwan furannin da suka yi yaushi.
Har na sa mabuɗi
sai na ji motsi a sama:
tsattsewa ce ta shigo ban gani ba,
ta sauka a gurbin da babu mala'ika.

Na buɗe ƙyauren duka,
na zauna a lotsattsen dutsen,
shayina yana hucewa a gida.